GFP-Cdc42 yana hana yis ɗina toho a 37°C

Assalamu alaikum. Ina bibiyar yadda Cdc42, furotin da ke tsara inda toho zai fito, ke taruwa wuri ɗaya a fatar ƙwayar yis na Saccharomyces cerevisiae kafin toho ya fito, amma aikin ya cije.

Na liƙa GFP, furotin mai ba da koren haske, a farkon Cdc42, kuma shi kaɗai ne kwafin ƙwayar gadon (gene) CDC42 da ke cikin ƙwayar. A 24°C komai lafiya, ɗigon haske na fitowa daidai inda toho zai ɓullo. Da na kai su 37°C sai ƙwayoyi da yawa su kumbura, su yi zagaye, babu toho, wasu har da cibiya (nucleus) biyu. Rinin phalloidin ya nuna aktin, furotin da ke yin zare-zare a cikin ƙwaya, a warwatse ko'ina. Yis ɗin da ba a taɓa ba yana toho sumul a wannan zafin, don haka ba YPD (abincin da ake renon yis a ciki) ko na'urar ɗumamawa ba ne.

Liƙa GFP a ƙarshen Cdc42 ba mafita ba ce, tunda can CAAX yake, ɗan sashen da ke kafa Cdc42 a fata. Na tsawaita mahaɗin da ke tsakanin GFP da Cdc42, sauƙin kaɗan ne. Na gwada Bem1-GFP (Bem1 furotin ne da ke taruwa tare da Cdc42), yana aiki, sai dai Bem1 nake gani, ba Cdc42 ba.

Wace hanya kuke bi wajen ganin Cdc42 mai ɗauke da GTP, wato wanda ke a kunne, a ƙwaya mai rai a 37°C ba tare da an raunana shi ba? Na gode.