Fida-famfo na kasuwa: wa ya saka ya zauna lafiya?

Mai tifa, Zariya

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi da iyayen gidanmu makanikai. Tifa ce da ni, Howo 371, yashi nake ɗauka. Daga ƙaramar sallah zuwa yau sau uku ina canza fida-famfo, ƙaramin famfon nan mai jawo gas daga tanki, wanda ke jikin injekta, wato babban famfon da ke tura gas cikin inji. Wanda ya zo da motar ya yi shekaru kafin ya gaji, sai na sayi na kasuwa. Kowanne sai ya yi sati uku ko huɗu lafiya lau, daga nan da safe mota ta ƙi tashi sai yarona ya yi ta buga famfon hannu har gumi ya karyo masa. In na yi lodi na zo hawa kuma sai ta riƙa shaƙewa. Wani ya ce in saka na lantarki in huta. Kafin in ƙara zubar da kuɗi ina son jin ta bakin waɗanda abin ya taɓa samu.

Direban tirela, Kano zuwa Legas

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, kar ka yi saurin tsine wa famfo. Kwana biyu na taɓa yi tsakanin Mokwa da Jebba da buhunan wake na Dawanau a baya, maigida yana ta kira kamar zai fito ta cikin waya. Na sa sabon famfo a gefen titi, na yi tafiyar da ba ta kai kilomita ashirin ba ta sake mutuwa. Wani dattijon makanike ne ya zo, bai ko kalli famfon ba. Ya cire tiyon da ke shiga cikinsa, ya jona wani gajere mai garai-garai wanda ake ganin ciki, ya ce in tayar. Sai ga kumfa tana bin gas kamar an zuba omo. Ashe tiyo ne ya tsage a ƙarƙashin kilif. Na ce Baba, ai ban ga ɗigo ko ɗaya ba. Ya ce wajen da ake zuƙa ba ya ɗiga, iska yake sha. Ka ɗauki jarka mai gas mai kyau, ka jona tiyo daga ita kai tsaye zuwa famfon, ka kwana a haka. In ta tashi da safe bugu ɗaya, matsalarka tana tsakanin tanki da famfo.

Makaniken injekta, Kaduna

Gaskiyar oga mai tirela ce, amma ba zan wanke na kasuwa tas ba. Kusan kullum ina buɗe su. Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: fistin ɗaya, sifirin, bawul biyu, da 'yar sandar ƙarfe da kam ɗin injekta ke turawa. To a nan ake ha'incin. Na sha ganin sabo fil wanda bawul ɗinsa bai zauna daidai ba tun daga kwali, ka hura da baki iska ta wuce ta baya. Irin wannan shi ke barin gas ya koma tanki da daddare. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai yoyo ta wajen sandar, domin injekta irin taku mai layi man inji ne ke yi mata maiko, gas ɗin da ya zurara cikin man inji zai ƙare. Malam mai tifa, zaro sandar gwajin mai ka duba. In ka ga mai yana ƙaruwa maimakon raguwa, ya yi ruwa-ruwa yana warin gas, kar ka ƙara tayar da ita sai an gyara, in ba haka ba metal, wato beyarin ɗin cikin inji, shi zai biya.

Abu na biyu da ba a kula da shi: ɗan bawul ɗin da ke kan bututun da gas ke komawa tanki. Shi ke riƙe matsi a cikin injekta, wajen bar 1 zuwa 2 gwargwadon injin. In sifirin ɗinsa ya saki, ko famfon zinare ka saka mota ba za ta ja a hawa ba. Kuɗinsa bai kai na famfo ba, amma mutum zai canza famfo uku bai taɓa shi ba. Sai washar jan ƙarfe ta kusoshin banjo, masu ramin nan da ke ɗaure bututun gas. Sau ɗaya ake ɗaure ta. In babu sabuwa, a ƙona tsohuwar ta yi ja, ta huce, sannan a mayar.

Tsohon famfonka na asali yana ina? In ba ka sayar wa 'yan gwangwan ba, kawo shi a canza masa bawul da sil. Na fi yarda da shi.

Mai shagon kayan gyara, Kano

Ku yi mana adalci dai. Kaya kala uku nake ajiyewa, ina kuma faɗa wa mutum gaskiyar kowanne. Sai maigida ya aiko yaron mota da kuɗin na tsakiya, yaro ya sayi na ƙasa ya soke canji. In ya lalace a ce mai shago macuci ne. Ni in aka tambaye ni, ɗan Beljiyam da aka ciro daga jikin inji ya fi sabo mai arha, sai dai a sa makanike ya gwada kafin a biya.

Direban Land Cruiser, Agadas

Mu nan lissafinmu daban, in mota ta mutu tsakanin Agadas da Dirku ba zancen asara ba ne, zancen rai ne. Tawa mai injin 1HZ ce, lita 4.2. Ita ba ta da famfo a waje, injektarta mai juyawa ce, da kanta take zuƙo gazuwal, gas kenan a wajenku, kuma gazuwal ɗin ne maikonta. Da na ƙara tanki na biyu a baya da filta mai raba ruwa, sai jan ya yi mata nisa, na ce bari in taimaka mata da na lantarki. Kuskuren da na yi, na ɗauko na motar fetur, irin mai bar 3. Ƙarar inji ta canza, ya riƙa ƙwanƙwasa, ba a jima ba sil ɗin gaban injekta ya fara zuba. Sai da aka sauke ta. Yanzu ƙarami ne da ni wanda bai kai rabin bar ba, na ɗaure shi a shasi kusa da tanki, ƙasa-ƙasa, da 'yar filta a gabansa. Na farkon a wajen inji na maƙala shi, cikin zafi, yana ta wahalar zuƙa, alhali waɗannan turawa suka iya. Kafin ka saya ka hura shi yana kashe. In iska ba ta wucewa, ranar da ya mutu ya zama toshiya, sai ka yi masa hanyar kewaye. Ni da na ajiya nake tafiya, a naɗe cikin tsumma ƙarƙashin kujera.

Mai wayarin, Gusau

Mai tifa, wutar motarka bolt 24 ce, yawancin na lantarkin da ke yawo a kasuwa kuwa 12 ne. Abin da yara ke yi, su jona shi a batir ɗaya daga cikin biyun motar. Wata biyu batirin nan ya zube, ɗayan ya cika ya yi ta tafasa, ka sayi batir biyu saboda famfo ɗaya. In dole sai ka saka, nemi na 24, a sa masa rile da fis nasa, a bi da shi ta makunnin matsin man inji yadda in inji ya tsaya shi ma zai tsaya. Allah ya kiyaye haɗari, amma mota ta kife famfo yana ta feso gas ba abin wasa ba ne. Kuma ƙananan nan ba sa ƙosar da injin da ya kusa lita 10 a hawa. Amfaninsu cire iska da safe.

Mai Hilux, Jos

Tawa mai injin 2KD ce, kwaman rel, irin na zamani mai kwamfuta, matsinta yana haura bar 1,000 nesa ba kusa ba. Lokacin da gas ya haura naira 1,500 a farkon 2024 na yi kwaɗayin arha na sha a jarka a bakin hanya. An sirka shi da kananzir, ga ruwa. Nozul huɗu na canza. Tun daga nan kowace Juma'a nake tsiyaye ruwan filta.

Tsohon direban 911, Funtuwa

Yaran yanzu kun fiye son canza kaya. Shekara nawa na yi ina hawa Hawan Kibo da gingimari, famfo ɗaya. Duk ƙarshen damina nake sauke tanki in wanke, ku zo ku ga laka da tsatsa. Kai mai tifa, a rafi kake wuni. Murfin tankinka na asali ne, ko leda ka ɗaure da roba? In ƙofar numfashinsa ta toshe, tanki zai riƙe gas, famfo ya yi ta ja har ya gaji. In ta shaƙe, buɗe murfin ka saurara ko za ka ji ya ja iska fuuu.

Mai tifa, Zariya

Allah ya saka da alheri, Baba murfina lafiyarsa ƙalau. Na yi gwajin jarka, da asuba bugu ɗaya ta tashi. Muka zaro bututun cikin tanki, ashe ya tsage a sama daidai wajen walda, shi ya sa in tanki ya cika fal nake samun sauƙi. An yi masa walda, na canza washa duka. Famfo na biyu da na cire na kai an buɗe, shi kam bawul ɗinsa a karkace yake. Na ukun yana jiki, yau kwana tara ba a taɓa famfon hannu ba. A hawa dai har yanzu da ɗan saura. Oga na Kaduna, wancan bawul na komawa tanki, ana gwada shi a jikin mota ne ko sai na ciro na kawo?