Saitin hannu a kyamara: me za mu kira "ouverture" da "vitesse"?

Assalamu alaikum masu hoto na Garwa, Marwa da Injamena. Yaran da ke koyon hoto a wurinmu suna jin Hausa da Fulatanci sarai, amma da an juya kyamara zuwa harafin M sai bayani ya koma Faransanci, su yi tsuru-tsuru. Ina so mu tsayar da kalmomi.

Shi "mode manuel", wato harafin M ɗin nan, ba gardama: saitin hannu. Kowa ya san saiti, kowa ya san otomatik.

Inda ake jan zance shi ne "ouverture", wato ramin da haske ke bi a cikin gilashin gaban kyamara. Yayana na Marwa ya ce ƙofar haske, wasu suka ce buɗi. Yaya, kalmomin nan biyu suna da daɗin ji, amma ga matsalarsu. Lambar da ke kan kyamara juyayya ce: f/2.8 rami ne wangame, f/16 ɗan ƙanƙani. Dalili kuwa, ana raba tsawon gilashin ne da faɗin ramin. Gilashi mai milimita 50 a f/2, faɗin raminsa milimita 25 ne. Idan ka ce wa yaro "ƙara buɗi", hannunsa zai kai lamba sama, alhali rufewa yake yi.

Don haka nake ba da shawarar tsuki. Lamba ta hau, tsuki ya ƙaru, haske ya ragu. Baki da hannu sun tafi tare. Daga 2.8 zuwa 4, 5.6, 8, 11, 16, kowane taki rabin hasken ke tafiya. Mai son fuskar mai sayar da kilishi ta fito tar, kasuwa ta dushe a bayansa, ya sassauta tsuki zuwa 2.8. Mai son babban masallacin Garwa daga ƙofa har hasumiya, ya ƙara tsuki zuwa 8 ko 11. Kun ji yadda take zama a jimla ba tare da an tilasta mata ba.

Sai "vitesse", wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga. Gudu bai yi ba, don 1/500 lokaci ne, kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa. An kawo ƙiftawa, mutane da yawa suka so ta. Wani dattijo da ya yi aiki tun zamanin fim ya ce: "Ɗana, mai ƙiftawa rufe ido yake yi. Kyamara kuwa idonta a rufe yake, buɗewa take yi ta leƙa ta koma." Baba ya faɗi gaskiya, kuma a bakinsa kalmar ta faɗo: leƙe.

Gajeren leƙe, dogon leƙe. Ka tsaya a gadar Binuwai da yamma, masu moto suna wucewa. A 1/500 za ka daskarar da su, a 1/30 su zama jan layi. In dare ya yi, ka ɗora kyamara a kan ƙafa uku, ka ba ta leƙen daƙiƙa 10, fitilun motoci su zana maka hanya. Wata 'yar'uwa daga Kusiri ta ce leƙe na da warin leƙen asiri. Yaya, na ji, kuma damuwa ce ta gaske, domin mutanen kasuwa dama ba su cika sakin jiki da mai kyamara ba. Saboda haka a rubuce mu ce tsawon leƙe, a gaban jama'a kuma mu fara da sallama da neman izini.

ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, mu bar shi izo, yadda bakinmu ya saba. Ya hau 3200, hoto ya yi tsaki-tsaki.

Ga gwaji ga kowa. Da tsakar rana, in babu hazo: tsuki 16, leƙe 1/125, izo 100. Ku faɗa wa yaron da bai yi makarantar Faransanci ba, kada ku taɓa masa kyamara, ku turo mana hoton da ya ɗauko.