Wane suna za mu ba injin nan mai tafiya da ƙafa biyu?

'Yan uwa na Zango, tun da bidiyon injin Rasha da ya kife a kan dandamali a Mosko cikin Nuwamban 2025 ya shiga wayoyinmu, kowane zauren WhatsApp daga Aboabo zuwa Asawase a nan Kumasi ya raɗa masa suna. Wasu sun ce aljanin ƙarfe, wasu bawan ƙarfe, samari kuwa robot suke cewa su wuce. Ina so mu tsaya a kan suna ɗaya, domin ƙannenmu za su tarar da abin nan a makaranta da wurin aiki.

Rahar da ake yi tana burge ni. Lokacin da aka sa irin waɗannan injuna gudun kilomita 21 tare da mutane a Beijin, a Afrilun 2025, na farkonsu ya ci awa 2 da minti 40, wasu kuma tun a farkon hanya suka zube. Nan aka ce a kawo shi kasuwar Kejetia ya gwada tsallake titi da rana tsaka. Wata hajiya ta ce ba za ta sara masa ba sai ya daka mata sakwara babu gudaji. To amma sunan raha daban, sunan da za a rubuta a littafi daban.

Aljanin ƙarfe ban yarda da shi ba ko kaɗan. Aljani halittar Allah ce da muka yi imani da ita, wannan kuwa batir ne da waya da kyamara da manhaja. A tseren Beijin ɗin ma mutane ne ke biye da su, suna canza musu batir, suna tayar da wanda ya faɗi. Da za a kai ɗaya Suame Magazine, unguwar makanikai, da masu gyara sun kwance shi ƙusa-ƙusa. Tun da Saudiyya ta ba Sophia, wani inji mai siffar mace, shaidar zama 'yar ƙasa a 2017 nake jin iyayenmu na tambaya ko tana da rai. In muka ƙara musu da kalmar aljani, tsoro muka dasa, kuma mai tsoro shi ne abincin ɗan damfara.

Masu cewa bawan ƙarfe suna da hujja, don kalmar robot ta fito ne daga harshen Cek a 1920, daga robota, wato aikin tilas. Sai dai mu da muka san abin da aka yi a kasuwar bayi ta Salaga, bai dace bauta ta zama abin wasa a bakinmu ba. Haka ma masu cewa injin zai kori kayaye, mata 'yan dako, daga kasuwa, don Allah a rage. 'Ya'yan mutane ne, kuma ciwon wuya da baya da suke kwana da shi ba abin dariya ba ne.

Saura mutum-mutumi, wanda kafafen labarai na Hausa suka saba amfani da shi. Kalma ce tamu, ta kama siffar abin sosai: kamar mutum, amma ba mutum ba. Matsalarta ɗaya. Na Okomfo Anokye, shahararren bokan Asante, da ke tsaye a shataletale mutum-mutumi ne, wanda ake kafawa a gona don korar tsuntsaye ma haka, kuma duk ba sa motsi.

Shawarata mu ce mutum-mutumin inji, mu keɓe shi ga mai kai da hannu da ƙafa. Hannun ƙarfen da ke haɗa motoci a masana'anta, inji mai sarrafa kansa ya ishe shi. Na kamfanin Zipline da suka fara kai jini da magani asibitocin Gana ta sama a 2019, dama jirgi marar matuƙi muke ce musu.

Malamanmu na makarantu da ma'aikatan rediyon Zango, ku gwada shi a baki ku ji ko yana da nauyi. 'Yan uwa na Nima da Mamobi a Accra, me kuke kiransa a can?