Musayar Waƙa: Wake Mai Hawa Gora a Lambun Gida

Uwar Lambu, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Ga damuwata cikin baiti. Amsa-amonmu na yau "wa" ne, kowa ya riƙe shi.

Da sunan Rabbu zan fara batuna,
Mai raya iri a bayan binnewa.

Salati ga Manzo, sannan gaisuwata
Ga manoman Kabi, ban ware kowa.

Ina da ɗan lambu a bayan ɗakina,
Kusa da rijiya, ruwa ba ya yankewa.

An ba ni irin wake mai hawa gora,
Mai jan fure, a ci kwanso kafin ƙosawa.

Na shuka ƙarshen sanyi, ya yi yaɗo,
Ya hau ya rufe danga, abin sha'awa.

Bazara na kamawa fure ya ɓarke,
Ja wur, amma kullum sai zubewa.

'Yan kwanson da suka tsira sun yi tauri,
Da jijiya, ba sa jin tafasawa.

Masana gona, ku taimaka da amsa,
Ƙasa ce, ko iri, ko rashin dacewa?

Baba na Jega

Ɗiyata, zo ki ji tawa shawara,
Waken ga baƙo na ƙasar Kanta, ki lura,
Namu na gado shi ka jure bazara,
Ko rana ta ƙwalle ba shi sunkuyawa.

Farin wake munka taras a gona,
Tsakanin gero da dawa shi ka kwana,
Ƙwaya tamu, harawa ta tumakina,
Ƙosai da alale duk shi ka bayarwa.

Wanda ka son sanyi ki bar ma Jasawa,
Su ad da dutse da iska mai ratsawa,
Mota ta kawo mu iske shi kasuwa,
Don mi za ki wahala kan abin sayowa?

Malamin Gona, Argungu

Baba na durƙusa, Allah ya ƙara girma,
Batunka na zafi ba abin musawa.

Asalin waken duwatsun Meksiko ne,
Tudu mai sanyi, ruwa na saukowa.

A ƙarni na 17 ya shiga Ingila,
Da fari shuka shi suke don ƙawa.

Furen suka so, sai daga baya
Suka gane kwanson na da kyan dafawa.

Amma na kasuwa ya kwana kan hanya,
Kafin ya zo mana ya fara yaushewa.

Wanda aka tsinka aka dafa a take,
Zaƙinsa daban ne, ba haɗawa.

Hajiya, laifin ba na ƙasarki ba ne,
Lokacin shuka ne ke son gyarawa.

Maris da Afrilu a Kabi kin sani,
Awon zafi kan wuce digiri 40, ba sassautawa.

Furen da ya sha wannan ba ya ɗaure,
Ko ƙudan zuma sun zo, sai kaɗewa.

Ki shuka farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke,
Fure ya riski sanyi yana tsakiyar yiwa.

Wajen wata uku ake fara tsinka,
Ki kwashe naki zafi bai kai ga dawowa.

Iskar hunturu kuwa tana busar da fure,
Ki ja zana ta gabas da ta arewa.

Ki zaɓi inda hantsi zai same shi,
In azahar ta yi ya samu inuwa.

Ɗan Fadama, Yauri

Malam ya gama da lokaci. Bari in taɓa ƙasa da ruwa.

Yaya, ni ɗan bakin Neja ne,
Ban-ruwa ne sana'ata ta rayuwa.

Ki tona kwari mai zurfin kamu,
Makonni kaɗan kafin shukawa.

Kashin awaki da ya ruɓe sosai,
Da ɓawon kayan miya, ki yi ta zubawa.

Sabon taki kar ya kusanci gindi,
Zafinsa yakan ƙone saiwa.

Kar ki ɗura masa yuriya don ya yi sauri,
Ganye zai cika, kwanso na raguwa.

Saiwarsa na da 'yan ƙulle-ƙulle,
Daga iska suke samo abin ciyarwa.

Ki kafa gora mai mita biyu da rabi,
Biyu-biyu, kawunansu a haɗa a ɗaurewa.

Karan dawa ba ya ɗaukar nauyin,
Iska guda ta isa ta sa shi karyewa.

Ƙwaya biyu gindin kowace gora,
Zurfin santimita 5, sai rufewa.

In ya kai ƙarshen gora ki datse kansa,
Ƙarfin ya koma ƙasa, rassa na fitowa.

Ruwa a gindi, da safe ko yamma,
Ya ratsa ƙasa sosai, ba yayyafawa.

Ranar da fure ya fito ki ƙara himma,
Ƙishi a lokacin shi ke kawo zubewa.

Bambaron shinkafa ga shi ko'ina Kabi,
Ki lulluɓe gindi, laima ba ta gudawa.

Uwar Lambu, Birnin Kebbi

Madalla ƙanena, Allah ya yi albarka,
Malam da Baba, na gode da kulawa.

Saura darɓa da ta manne wa toho,
Da taurin nan da ke hana taunawa.

Malamin Gona, Argungu

Darɓa ki wanke da ruwan sabulu kaɗan,
Ko jiƙon dogon yaro bayan tacewa.

Ki bari sai magariba ta kusa ki fesa,
Ƙudan zuma sun tafi wurin kwantawa.

Su ke ɗaukar garin fure su kai wa fure,
Maganin da ya kashe su kwanso yake kashewa.

Inna ta Zuru

Taurin kuma ku bar mini, 'ya'yana, wannan aikin mai tukunya ne.

'Yata, ko kin yi duk abin da suka ce,
Taushi na hannun mai tsinkewa.

Kar ki jira ya yi tsawo don ki burge,
Taƙi guda ya isa, ki zo ki cirewa.

Ki shafa bayansa, in sumul ne ya yi,
In ƙwaya ta kumburo, ya fara wucewa.

Ki lanƙwasa ɗaya, in ya ce ƙas, madalla,
In ya bi hannu kamar igiya, ba ya dafuwa.

Kwana biyu, uku, ki zaga da kwarya,
Da sanyin safiya, kafin rana ta hauwa.

Ki ɗaga ganye ki leƙa ta ƙarƙashi,
Manyan a can suke samun ɓuya da sakewa.

Kwanso guda in ya ƙosa a jikinsa,
Uwar ta ga ta yi iri, sai ta bar furewa.

Ko ba ki da bukata ki tsinke ki raba,
Maƙwabta su ci, ita ta ci gaba da bayarwa.

Ɗanyensa ba a ci, yana ɓata ciki,
Ki tsawata wa yara kan gutsurawa.

Ki zare gefe da gefe, ki yanka a karkace,
Ruwan gishiri ya tafaso kafin zubawa.

Minti biyar zuwa bakwai ki tsame,
Yana kore shar, da ɗan ƙarfin taunawa.

Kanwa ta busasshen wake ce, 'yata,
A nan laɓe shi take, daɗi na gushewa.

Man gyaɗa kaɗan, albasar Aliero,
Da tattasai, ki juya, ba daɗewa.

Ki ɗora bisa shinkafar fadamarmu,
Ki aika wa Baba kwano don ɗanɗanawa.

Baba na Jega

Kwanon ga in ya zo ba ni mai da shi,
Abin da ɗiya ta dafa dole in ci shi,
Amma batuna ina nan bisa kanshi,
Damina da bazara mi za ta shukawa?

Malamin Gona, Argungu

Tambayar Baba na da amsa a danginsa,
Akwai dogon wake da Asiya ke nomawa.

Ɗan'uwan farin wakenmu ne na jini,
Zafi ba ya hana shi ɗaurewa.

Kwansonsa siriri, ya kan kai kamu,
Gora guda za su yi ta karɓa-karɓar hawa.

Shi damina, mai jan fure hunturu,
Lambun Hajiya ba zai rasa abin tsinkewa.

Inna ta Zuru

Na manta iri: can ƙarshen kaka tasa
Ki ware gindi biyu, ki daina taɓawa.

Su bushe a kai har kwanso ya yi ƙara,
Ki ɓare ki shanya, ki sa toka ki gaurayawa.

A kwalba mai murfi, nesa da murhu,
Ki ɗebar mini goma in mota na tahowa.