Labaran fatalwa na saurare, in saka wa yaro ko kar in saka?

Maman Khalifa: Salam jama'a, shawara nake nema. Yarona shekara 8, karatun Turanci na ba shi wuya amma yana son a ba shi labari, shi ne malamarsu ta ce in samo masa odiyo na tsoffin labaran fatalwa na Turawa da aka sauƙaƙa wa yara, wai tsoron ne ke sa su kasa kunne. Akwai wanda ya taɓa gwadawa? Kuma nawa ake durawa a memori?

Abban Sadik: Ki saya masa littafi kawai.

Maman Khalifa: Littafin ne fa ya ƙi karantawa.

Ummu Hanan: Wallahi 'yar uwa kar ki soma. Ni ta faru da ni, nawa shekararsa 7 na saka masa a waya ya maƙala iyafis ya kwanta, aka ɗauke wuta daidai inda ake jan sarƙa ana buga ƙofa, ihun da ya yi har maƙwabta sun fito. Wata biyu ba ya zuwa banɗaki da daddare sai an raka shi, fitsarin kwance ya dawo, uwar mijina ta ce gamo ya yi aka kai shi ruƙiyya Rigasa, kuɗi suka tafi, har yau in an taru sai ta ce ni na jawo wa jikanta aljanun Turawa.

Dan Kawo: Aljanun Turawa kuma? Da biza suka shigo? 😂

Malam Tudun Wada: Matsalar ba labarin ba ce, kiɗan da ƙarar da suke sakawa a baya ne. Wanda ake yawan bai wa yara na Charles Dickens ne, tun 1843, wani attajiri marowaci da fatalwa suka ziyarta har ya tuba. Ki fara saurara ke kaɗai, sannan ku ji tare da rana, ban da iyafis. Mu da aka rene mu da Dodo da Gizo ai ga kaka a gefe, tana ganin ka tsorata ta ce ƙurunƙus.

Ummu Hanan: Malam kai kana da yara ne? Wanda bai yi kwanan zaune da yaro ba ya daina ba da shawara.

Malam Tudun Wada: Shekara 15 ina koyarwa Hajiya.

Ummu Hanan: Koyarwa daban, goyo daban.

Anti Bilki: Ɗari biyar aka dura min a Kasuwar Barci.

Abban Sadik: Wane ɗari biyar? Dubu biyu yaron shagon ya ce min, ban da memori.

Dan Kawo: Kyauta ne a YouTube, data ce dai za ta zame miki fatalwa. Mu a bodin ma Madam Ƙwas-ƙwas ta ishe mu.

Anti Bilki: Ni memorin ne ma ke ƙona min rai, an rubuta 32 gig, kana zuba abu kaɗan ya ce ya cika, ka koma su ce waya ce ta cinye. Kuma ki duba abin da suka dura, ni na ce karatu na tarar da waƙoƙi rututu a ciki.

Maman Khalifa: To yanzu in saka ko kar in saka?

Abban Sadik: Anti Bilki a wane layi kika saya? Ina jin mutum ɗaya ne ya cuce mu.