Wane suna za mu ba "portfolio" da Hausa?

1/ Duk matashin da ya nemi aikin zanen kwamfuta, ɗaukar hoto ko rubuta manhaja ya san wannan tambayar: "Ina portfolio ɗinka?" Kalmar ta zauna a bakinmu ba tare da mun raɗa mata suna ba. Ina da shawara, amma bari mu fara tantance abin.

2/ Shafin intanet ne na mutum inda yake jera ayyukan da ya gama da hannunsa, domin mai ɗaukar aiki ya duba. Ya bambanta da CV. A CV kai ne kake ba da labarin makarantarka da wuraren da ka yi aiki, a nan kuwa aikin ne a fili, gani ya kori ji. Masu zane sukan ɗora nasu a Behance, masu manhaja a GitHub, wanda ke ba da damar buɗe shafi kyauta ta GitHub Pages. Mai hali ya sayi adireshi da sunansa, mai ƙarewa da .ng ko .ne.

3/ Asalin kalmar Italiyanci ne, daga "ɗauka" da "fallen takarda", wato jakar ɗaukar takardu. Shi ya sa "gafaka" ta fara zuwa min. Kalma ce mai kwarjini, amma gafaka a rufe take, mai ita kaɗai ya san abin da ke ciki.

4/ "Kundin aiki" shi ne wanda mutane da yawa za su zaɓa, kuma ban raina shi ba. Muna da kundin tsarin mulki, muna da kundin digiri. Sai dai kundi abin adanawa ne, har kundin malam ma ba kowa ake nuna wa ba. "Taska" da "rumbu" su ma ajiya suke nufi.

5/ Zaɓina shi ne "bajekolin aiki", shafin kuma "shafin bajekolin aiki". Kowa ya san kasuwar bajekoli ta Kaduna, kowa ya san ɗan koli. Kuma duk wanda ya ji sunan ya riga ya fahimci yadda ake tsara shafin, domin ɗan koli ba ya zazzage buhunsa gaba ɗaya, mai kyau yake sawa a gaba. Ka zaɓi ayyuka huɗu ko biyar da kake alfahari da su, ka sa su a shafin farko. Ƙarƙashin kowanne ka rubuta matsalar da aka kawo maka, abin da kai kanka ka yi idan aikin haɗin gwiwa ne, da yadda aka ƙare. Imel da lambar waya su fito sarai. A rage nauyin hotuna, saboda mai dubawa a waya ba zai ƙona data yana jiran shafinka ya buɗe ba.

6/ Na san wani zai ce kalmar tana warin kasuwa. Haka ne, kuma bai dame ni ba, domin mai neman aiki gwanintarsa ya kawo kasuwa.

7/ Wannan suna bai shafi sauran ma'anonin kalmar "portfolio" ba. Na minista ma'aikata ce ko muƙami, na mai zuba kuɗi kuma hannayen jari ne.

8/ Ku gwada a baki: "Turo min bajekolin aikinki." "Na gyara shafin bajekolina." 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, yaya yake faɗo muku a kunne?