Nosferatu ko Dracula: wanne za a fara kallo?

Mahawarar da muka yi kan waɗannan finafinai biyu ta ɗau zafi, amma yawancinmu sun ba da shawarar a fara da Nosferatu, fim ɗin Jamus na 1922 wanda F. W. Murnau ya shirya. Babu magana a cikinsa, sai rubutu jefi-jefi. Duk da haka, inuwar Orlok, dodon fim ɗin mai shan jinin mutane, tana hawa bene da zaƙo-zaƙon farata ta isa ta sa tsigar jiki tashi. Aka ce a nemi kwafin da aka gyara, a kashe fitila, a ajiye waya. Saura ƙiris ma da ba mu gan shi ba: matar marigayi Bram Stoker, marubucin littafin Dracula, ta kai ƙara kan satar labarin mijinta, kotu ta ce a lalata kwafe-kwafensa, wasu suka tsira.

Masu goyon bayan Dracula na 1931, na kamfanin Universal a Amurka, hujjarsu Bela Lugosi ce, ɗan wasan da ya fito a matsayin Dracula, da kallon nan nasa da maganarsa ɗaiɗai. Sun amince cewa da labarin ya koma Landan sai ya yi sanyi, kamar wasan daɓe. Ni dai a nan gyangyaɗi ya kwashe ni.